Ƙaryar da mai bi yake yi don kare sunansa

Hananiya da matarsa Safiratu ba sata suka yi ba. Filinsu ne suka sayar, kuma a Ayyukan Manzanni sura 5 Bitrus ya faɗa wa Hananiya ƙarara cewa kafin a sayar nasa ne, bayan an sayar ma kuɗin suna hannunsa. Ba wanda ya tilasta musu su kawo duka, amma suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo wa manzanni sauran kamar shi ke nan duka. Abin da suka nema shi ne irin sunan da Barnaba ya samu a ƙarshen sura 4, lokacin da ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, amma ba sa so su biya abin da ya biya. Hananiya ya faɗi ya mutu. Bayan kamar sa'a uku Safiratu ta shigo, aka yi mata tambaya guda a kan kuɗin filin. Ƙofar tuba ke nan aka buɗe mata, ta rufe da bakinta, ta maimaita ƙaryar.

Yawancin ƙaryar da ake yi a cikin ikilisiya irin wannan ce, ta neman a gan ka fiye da yadda kake. Rahoton aikin bishara da aka ƙara wa gishiri, shaidar da take girma duk lokacin da aka sake ba da ita, "ina yi maka addu'a" alhali ko sau ɗaya ba a yi ba. Mafi wuyar kamawa ita ce rabin gaskiya. A Farawa sura 20 Ibrahim ya ce matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce, kuma haka ne, ubansu ɗaya. Amma ya faɗa ne domin sarki Abimelek ya fahimci abin da ba haka ba. Saboda haka kafin ka yi magana, tambayi kanka wa zai ci riba idan mai sauraro ya fahimce ka a karkace. In kai ne, sake tsara maganar.

To, idan an riga an yi fa? Littafin Ƙidaya 5:6-7 ya shimfiɗa hanya: mutum ya furta laifinsa, ya mayar da abin gaba ɗaya, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba wanda ya cuta. Wato wanda ya danne 100 zai mayar da 120. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya wuce nan, ya ce zai mayar ninki huɗu. Ba lissafin ne ya ɗaure Kirista ba, amma tsarin yana nan. Yesu ma a Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

A wajen furtawar ne mutane suka fi ɓata abin. "Idan na ɓata maka rai, ka yi haƙuri" ba furci ba ne, domin bai ambaci komai ba. Faɗi abin da sunansa: "Na ce maka na aika kuɗin ranar Litinin, ban aika ba, ƙarya na yi." Kada "amma" ta biyo baya, domin duk abin da ya zo bayanta kāre kai ne. Kada ka jawo sunan wani cikin laifinka. Wasu sukan je wurin fasto su yi kuka, su fito da sauƙin zuciya, wanda aka cuta kuwa bai ji komai ba. Shawarar fasto tana da amfani, sai dai ba ta biyan bashin. Gyaran ya kai inda ƙaryar ta kai: in a gaban mutum biyar ka ɓata sunan wani, mutum biyar ɗin ne za su ji ka janye. Kuma kada ka matsa a gafarta maka nan take. Amana takan daɗe kafin ta dawo, jiran yana cikin abin da kake biya.

Akwai kuma tawali'un ƙarya. Mai iya koyarwa da yake cewa bai san komai ba don a ƙara yabonsa, shi ma ba gaskiya ya faɗa ba. Romawa 12:3 cewa ta yi mutum ya auna kansa da natsuwa. Tawali'un da ya fi wuya shi ne yarda a bincike ka. Bulus, duk da matsayinsa, bai riƙe gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya sa Titus da wasu 'yan'uwa biyu cikin hidimar, ɗayansu ma ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi, don kada a sami abin zargi. Ma'ajin da ya ji haushi don an ce mutum biyu su ƙirga baiko, su rubuta, su sa hannu kafin a tashi, ya sake karanta wannan sura.

Alkawari ma haka. Zabura 15:4 ta yabi wanda ba ya sake maganarsa ko da cikawar za ta jawo masa hasara. Idan da gaske ba za ka iya cikawa ba, ka je da kanka kafin ranar ta zo, ka faɗi dalilin yadda yake, ka faɗi abin da za ka iya yi da ranar da za ka yi shi.