Kalma ɗaya ta sa na sake babi shida

Sai da na kai babi na shida a fassarar Koshoku Ichidai Onna, littafin da marubucin Japan Ihara Saikaku ya fitar a 1686 kan rayuwar wata mata, sannan na gane da hannuna na kashe labarin. Wanda na ba ya duba mini ya dawo da tambaya ɗaya: "To ai tun farko karuwa ce, ina faɗuwar da kake ta faɗa?" Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin gaskiyarsa ce.

Laifin kalmar "karuwa" ne, ko in ce laifina. Duk inda matar ta sauya matsayi, kalma ɗaya na ɗora mata. Alhali a Shimabara, unguwar gidajen mata ta Kyoto, inda aka sayar da ita saboda bashin da mahaifinta ya tsaya wa wani, matan hawa-hawa ne. Tayu ce a ƙoli: ta iya waƙa, kiɗa da rubutun hannu, tana fita da 'yan rakiya, har tana iya juya wa baƙo baya in bai yi mata ba. Ƙasa da ita tenjin, wadda aka ce sunanta ya samo asali ne daga kuɗinta, momme 25 na azurfa (momme ma'aunin nauyi ne), don ranar 25 ga wata ake bikin wani abin bauta mai suna Tenjin. Sai kakoi, sai hashi, masu zama a ɗan ɗakin da ke kallon hanya. Matar Saikaku ta fara a tayu, girman kai ya kore mata baƙi, ta dinga gangarowa. Gangarowar nan ita ce ƙashin bayan babukan. Ni kuwa na baje matakalar ta zama fili.

Da na zo gyara na kusa yin wanda ya fi muni. Na ce bari in kira tayu "mai zaman kanta", tunda ya fi ladabi. A'a. Mai zaman kanta a wurinmu, ko me za a ce da ita, ita ta kama ɗakinta, in garin ya ishe ta ta ɗaure kaya ta yi gaba. Tayu fa? Takarda aka rubuta a kanta, galibi ta shekara goma, iyaye suka karɓi kuɗi. Tufafin alharinin da ake yi mata kirari da su, bashi ne a wuyanta. Unguwar kanta kewaye take, ana sa ido a kan mai shiga da mai fita. Haka Yoshiwara ta Edo (Tokyo ta yau) da gwamnati ta ba izini a 1617, haka Shinmachi ta Osaka. Mai gidan ma ba magajiya ba ne, ɗan kasuwa ne mai riƙe da takarda. Kalmar da ta fi kusa ita ce jingina. Fita kafin wa'adi sai wani mai hali ya fanshe ta, abin da suke kira miuke.

Wannan ne ya buɗe mini wasan kwaikwayon da Chikamatsu ya rubuta a 1703, Sonezaki Shinju. Da ina ganin Ohatsu, mace a irin wannan gidan, da saurayinta Tokubei zafin soyayya ne kawai ya kai su ga kashe kansu. Ashe lissafi ne: yaron shagon miyar waken soya, wanda aboki ya cinye wa kuɗi, ina zai samo na fansa?

Yanzu kafin in taɓa jimlar farko, sai na ja jadawali: sunan matsayi, wa ke riƙe da takardarta, wa ke karɓar kuɗin, tana iya cewa a'a ko ba ta iyawa. Sunayen nan huɗu na bar su da Japananci, na bayyana kowanne sau ɗaya a cikin zance. Kada kuma geisha, wato mai nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa, ta shigo. Mata masu wannan suna sai a ƙarni na 18 suka bayyana, bayan Saikaku ya rasu a 1693. "Karuwa" na ajiye ta sai can wajen ƙarshen babuka 24 na littafin, inda tsohuwar ke shafa hoda tana tsayuwa a duhu don kada a ga shekarunta. A nan kaɗai kalmar ta zauna daidai.