Lambobin Mazan Jiya a Teburin Gwanjo: Wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ina rubuto muku ne daga Manchesta a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekara bakwai ke nan da na fara tara tsofaffin lambobin yabo na soja. A nan ƙasar abin sha'awa ne babba. Akwai ƙungiyar masu wannan harka, Orders and Medals Research Society, tun 1942 take, akwai kuma gidajen gwanjo a Landan irin su Spink da Noonans da ke buga kundi guda na lambobin da za a yi gwanjonsu. Ranar Lahadi za ka tarar da dattawan Turawa a wani zaure, kowa da gilashin ƙara girma a hannu, suna jujjuya ɗan ƙarfe kamar mai duban zinariya a Kasuwar Kurmi. Wasu na yaƙi suke nema, wasu na aikin jinƙai, kamar lambar Florence Nightingale da Red Cross ta ƙirƙiro a 1912 don ma'aikatan jinya, ko wadda Birtaniya ta fitar a 2015 don waɗanda suka yi aikin Ebola a Afirka ta Yamma. Ni dai abin da ya kai ni can daban ne. Kakana nake nema.

Kakan nan nawa ya je yaƙin Boma. Muna yara, yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai lambobi huɗu naɗe cikin tsohuwar hular saƙa. Biyu tauraro ne masu tsini shida, biyu zagayayyu kamar dala. Ba ya fito da su sai ranar tunawa da mazan jiya, ya maƙala a gaban riga, ya miƙe ƙyam duk da ciwon gwiwa. Da ya rasu aka raba gado, ba wanda ya lissafa su cikin dukiya. Mu yara muka ɗauka muna wasan soja da su a ƙofar gida, daga baya wani yayanmu ya haɗa su da tsofaffin tukwane ya ba 'yan gwangwan. Ina cikin waɗanda suka sha alawar kuɗin. Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ranar da na fara ganin Burma Star, wato Tauraron Boma da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Boma, a teburin wani mai sayarwa, tun daga nesa na gane ta da ƙyallenta: ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe, da siririn layin ruwan lemo a cikinsa. Na juya bayanta ina neman suna, sai na ga wayam. Mai teburin ya ce mini lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da Birtaniya ta raba wa yawancin sojojinta haka suke, ba a buga suna a jikinsu ba. Shi ya sa suke da araha, kuɗin wadda na saya bai kai na tikitin jirgin ƙasa daga nan zuwa Landan ba. Ma'anar wannan a wurina ita ce, ko da ta kakana ce na riƙe a hannu, ba yadda za a yi in sani. Tauraron Boma ba shi da baki. Iyalin mai shi ne bakinsa, da takardar sallama idan tana nan. Da zarar ya bar gidan, shi ke nan, ya zama tagulla.

Ga shi kuwa mutanenmu ba ƙaramin aiki suka yi ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, su ne suka ratsa dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan a Boma da kaya a ka, inda mota ba ta shiga, ana jefo musu abinci daga jirgin sama. A 1944 bataliyoyi uku na Najeriya suka shiga bayan layin Japanawa tare da rundunar Chindit. A Janairun 1945 aka kama garin Myohaung. Kafin nan ma, a 1941, sojojinmu sun fafata da Italiyawa daga Somaliya har Habasha. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Ku da kuke gida kuna wucewa ta gaban wannan tarihi kullum: barikin Chindit a Zariya, barikin Dalet a Kaduna, barikin Arakan da na Myohaung a Legas, da na Lokoja mai ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri. Direban tasi yana kiran "Dalet, Dalet", bai san sunan wani wuri ne a Boma ba.

Lambobin da suka girmi waɗannan su ne masu suna, kuma su ne suka fi hana ni barci. Akwai wadda ake kira Africa General Service Medal, ta azurfa, da hoton Sarki Edward na Bakwai, ƙyallenta rawaya da baƙin gefe da koren layi biyu. A samanta ake maƙala ɗan ƙarfe mai nuna yaƙin da mutum ya halarta. Tawa an rubuta "N. Nigeria 1903". Duk wanda ya san tarihi ya san me wannan shekara take nufi. A ranar 3 ga Fabrairu aka ci Kano, 15 ga Maris aka ci Sakkwato, 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Akwai kuma mai "N. Nigeria 1906", ta Satiru da Haɗejiya.

Da na kai tawa ta 1903 gida na sa ta ƙarƙashin fitila, na bi gefenta da gilashi. Lambar rajistar soja, sai muƙami, farabiti, sai sunan yanka irin namu, sai sunan gari a madadin na uba, kamar yadda aka saba rubuta kuratan wancan zamani. Bahaushe ne ko mai jin Hausa, ya ɗauki bindigar Bature ya nufi ganuwar Kano. Na daɗe a zaune. Matata ta ce, "Maigida, wannan kuwa abin ajiyewa ne a gidan Musulmi?" Ban ga laifinta ba. Amma ni a ganina ajiyewa ba yabo ba ne. Wataƙila bawa ne da ya gudu ya sami mafaka a bariki, wataƙila yunwa ce ta kai shi, wataƙila son kuɗi ne kawai. Ko ma mene ne, namu ne, kuma hafsoshin Turawan da suka ci ƙasarmu 'yan kaɗan ne, hannuwan da suka riƙe bindigogin baƙaƙe ne. Gara wannan shaida ta zauna a hannun wanda zai karanta sunan daidai, ya kuma ji zafin shekarar, da ta zauna a aljihun teburin wanda ƙarancinta a kasuwa kaɗai ya dame shi.

Na je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, inda kundayen sunayen waɗanda aka ba lambobin suke. Shafi bayan shafi na sunayenmu da rubutun akawun Bature, wasu an karkatar da su har sai ka furta a fili kafin ka gane. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel da kanta ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a tuna da su da suna kamar yadda aka yi wa Turawa ba. To idan su sun yi sakaci da gangan, mu kuma kada mu ƙarasa aikin da rashin sani.

Don Allah, duk gidan da aka yi tsohon soja, a duba adudu da ƙasan gado. 'Yan uwanmu na Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa yaƙi, da na zangon Kumasi da Akara, har da ku nake. Idan an samu, kada a goge da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, gogewar tana cinye rubutun. Kada a cire tsohon ƙyallen ko da ya koɗe, kada kuma a raba lambobin tsakanin magada, a bar su tare da takardar sallama da hoto a wuri marar laima. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne tsofaffin da suka san mai su. A kunna waya a zauna gaban Goggo ko Baffa a tambaye su: wace bataliya, wace shekara ya tafi, da wa ya dawo, wa ya rasu a can. A rubuta a takarda a saka cikin akwatin.

Ni yanzu na haɗa irin huɗun nan na kakana, 1939-45 Star, Burma Star, Defence Medal da War Medal, na jera su cikin ɗan gilashi a falo. Ba nasa ba ne, na sani. A ƙasansu na rubuta sunansa da na garinmu da boko da ajami. Lambar rajistarsa ta soja ce har yanzu ban samu ba, kuma goggona da nake sa ran ta sani ta haura tamanin. In Allah ya yarda da ƙaramar salla ina tafe.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Manchesta