Ƙirge ɗaya, ɓarna daban-daban: ga samarin da ke horar da 'yan'uwansu

Wani saurayi da bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba ya tara yara a filin ƙwallo, masu shirin zuwa tantancewar shiga soja, yana ba su tsuguno-da-tashi ɗari-ɗari, sannan tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan. A cikinsu akwai wanda kullum yana fili, akwai wanda rabonsa da gudu tun yana sakandare, amma ƙirge ɗaya aka yanka musu. Wannan kuskure na daɗe ina tafka shi da sunan adalci. Don haka ɗana, da kai da ire-irenka nake.

A lissafina na da, tunda kowa ya yi ɗari, kowa ya sha wahala iri ɗaya. Wanda ya dawo bayan kwana biyu yana ɗingishi, ya kasa tsugunawa ko a banɗaki, to raggo ne ko ɗan hutu, maganinsa kuma a ƙara masa don a kashe tsamin. In ya matsa da kuka a ce ya je kemis ya sayi diklofenak. Ba zan ce ba ni da hujja ba. Haka aka horar da mu, yawancinmu kuma mun tsira, har muka yi ƙwari. Sai dai waɗanda suka tsira su ne muke gani a fili. Waɗanda suka daina zuwa ba mu bi sawunsu ba, mun dai ce ba su da zuciya.

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne yadda tsoka ke lalacewa. Ba lokacin ɗaga nauyi ta fi jin jiki ba, lokacin da take miƙewa alhali tana riƙe da nauyin ne: saukowa a tsuguno, sauke ƙarfe a hankali, gudu a gangara, dirowa bayan tsalle. A nan ƙananan zaruruwan cikinta ke yagewa, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin tsokar ya ƙara ɓarna, sannan kumburi ya biyo baya. Shi ya sa ranar aikin ba a jin komai sai gajiya. Tsamin yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, ya tafi cikin kamar mako guda. Zancen wai asid ɗin laktik ne ya taru a jiki, wanda ni ma na koyar, ba shi da tushe. Cikin kamar awa ɗaya da gama aiki jiki ya share shi.

Idan ƙwayar tsoka ta fashe, wani sinadari da ake kira CK yakan tsiyaya cikin jini, kuma da shi likitoci ke auna girman ɓarnar. A jikin mai lafiya da bai yi aikin ƙarfi ba yakan tsaya a 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka, ko da yake na maza baƙar fata yakan ɗara na sauran mutane tun asali. Priscilla Clarkson da abokan aikinta a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun wallafa wani bincike a 2006 da ya isa ya rufe bakin kowane koci irina. Mutum 203 suka sa suka yi aiki ɗaya tak: sauke nauyi da damtse sau 50 da iyakar ƙarfinsu. Bayan kwana 4, mutum 111 CK ɗinsu ya haura 2,000, 51 daga cikinsu ma ya haura 10,000, ragowar ba su kai ko 2,000 ba. Aiki ɗaya, ƙirge ɗaya. Babu wanda ƙodarsa ta taɓu a cikinsu, amma ka tuna damtse ɗaya ne, a ɗakin bincike, ba cinyoyi biyu a tsakar ranar Afrilu ba.

Me ke kawo bambancin? Mafi girma shi ne ko tsokar ta taɓa ganin irin wannan aikin a kwanan baya. Zama ɗaya na aikin da ba ta saba ba yakan ba ta kariya, ta yadda in an maimaita bayan ta warke ɓarnar ba ta kai ta farko ba, kuma kariyar na iya kai watanni kafin ta gushe. A nan ne nake ɗan wanke kaina: da muke cewa maimaitawa ke kashe tsami, akwai ƙanshin gaskiya. Inda muka ɓata shi ne lokaci. Bayan warkewa ake maimaitawa, ba washegari ba. Kariyar kuma ta tsokar da ta yi aikin ce da irin motsin da ta yi. Ɗan ƙwallon da ke gudun minti 90 yana iya kwanciya a kan jan jiki sama a sandar ƙarfe, domin tsokokin hannu sun fi na ƙafa saurin lalacewa.

Sai gado, wanda ba ka da iko a kansa kuma ba ka ganinsa da ido. Akwai waɗanda ƙwayoyin halittarsu suka sa tsokarsu ta fi saurin fashewa, akwai 'yan tsiraru masu ciwon gado da ke hana tsoka sarrafa sukari ko kitse yadda ya kamata. Wanda ya fi shafarmu shi ne AS, wato gadon sikila daga ɗaya cikin iyaye, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin narkewar tsoka da kashi 54 cikin ɗari, ko da yake mutuwa ba ta fi yawa a cikinsu ba. Shan taba da ƙiba su ma sun ƙara haɗarin a binciken. Ƙara da zazzaɓin da bai gama sakin mutum ba, rashin barci, zafin rana, ƙishirwa, barasa, da magungunan rage kitsen jini da ake kira statin. Yaro ya tashi daga maleriya shekaranjiya, yau ka jera shi da sauran.

Narkewar tsokar nan, wadda likitoci ke kira rabdomayolisis, ita ce ƙarshen hanyar. Tsoka ta fashe da yawa, furotin ɗin cikinta da ake kira mayoglobin ya cika jini, ya je ya toshe ƙoda, fotasiyam kuma ya hau har ya iya rikita bugun zuciya. Kada ka ɗauka ta raggaye ce. A Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa a asibiti bayan atisayen da ya haɗa da tsuguno 100 da ƙarfe a kafaɗa, jim kaɗan da dawowarsu hutu. Ƙarti ne majiya ƙarfi. Masu zuciyar da ba sa iya cewa sun gaji su ne suka fi shiga, ga kuma koci a kai yana ihu.

Ku kuwa samarin yanzu kun fi mu gaggawa. Mutum ya kalli bidiyo a waya da daddare, da safe ya sayi garin ƙarin ƙwanji da bai san me ke ciki ba, yana son ƙirji ya fito kafin Sallah. Wani ma sai ya haɗiyi tiramol don kada ya ji zafi, wato ya kashe ƙararrawar da za ta tsayar da shi.

Na yi niyyar jero muku dokoki da yawa, amma na san ba za ku riƙe ba. Sabon zuwa, da wanda ya yi sati biyu ko uku bai zo ba, da wanda za a koya wa sabon motsi, ya yi rabin abin da zai iya. In zai iya tsuguno 40 a jere, ya yi 10 sau biyu ya tafi gida yana jin bai yi komai ba. Ɗan wannan ya isa ya fara gina kariyar. Kada a sake taɓa tsokar sai bayan kwana 2 zuwa 3, kuma kafin a taɓa a duba: gwiwar hannu na miƙewa sosai? Yana tashi daga kujera ba tare da dafa cinya ba? Ƙarfinsa ya dawo? Ƙarfi da miƙewar gaɓa sun fi tsami faɗin gaskiya, don wani tsokarsa ta ɓaci sosai amma zafin kaɗan ne, wani kuma akasin haka.

Mai tsami ya huta. To, ba hutun kwanciya ba, tafiya ko keke a hankali na rage zafin na ɗan lokaci, kuma ban yarda yaro ya ɓace mako guda saboda cinya na ciwo ba. Miƙe-miƙen jiki kafin aiki ko bayansa ba ya hana tsami, a daina dogara da shi. A sha ruwa daidai ƙishi, ba a ɗura har ciki ya kumbura ba. Mai azumi ya bar aikin ƙarfi sai bayan buɗa-baki. Kowa ya je ya san ko AA ne ko AS, amma mai AS kada ya kawo mini shi a matsayin uzuri: zai yi horo, sai dai a hankali ake ƙara masa, kuma in ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashi ya gagara, a tsayar da shi nan take.

Fitsari shi ne abin da za ka tambaya, ko da kunya. In ya koma kalar shayi ba madara, ko ya ragu sosai, ko tsoka ta kumbura ta yi tauri da zafin da ya wuce misali, ko amai ya shigo, ba maganar kemis ba ce, ba kuma ta mai tausa ba. Diklofenak da ibufurofen a wannan hali ƙara wa ƙoda nauyi suke yi. A kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita irin aikin da ya yi da ranar da ya yi shi, a nemi gwajin CK da na aikin ƙoda da na fitsari. Ƙarin ruwa ta jijiya da wuri shi ne maganin, jinkiri kuma shi ke kai mutum ga wankin ƙoda. Wanda abin ya taɓa samu sau biyu, ko ya same shi a kan ɗan aiki kaɗan, kada ya koma fili sai likita ya bincika ko ciwon gado ne.