Me Ya Sa Dutse da Takarda Ke Faɗuwa Tare?

Yara, ku samo ƙaramin dutse da takarda biyu. Ku dunƙule ɗaya tamau, ɗayar ku bar ta a buɗe. Ku ɗaga su daidai kafaɗa, ku sake lokaci guda, ban da jifa. Dutsen da dunƙulalliyar za su dira kusan tare, domin ƙarfin jan ƙasa yana ƙara wa abin da ke faɗuwa gudun mita 9.8 a daƙiƙa duk bayan daƙiƙa ɗaya, komai nauyinsa. Buɗaɗɗiyar kuwa iska ke tare ta. Ku rufe taga tukuna, iskar hunturun Gusau kan ɓata gwajin.

Tulun da ke kan gammo ma ana jan sa ƙasa. Kai ke tokare shi daidai nauyinsa, shi ya sa wuya ke gajiya.