Bargon da muka ɗinka muna ba da labari

Ranar da muka fara zama, na ajiye waya a tsakiya na kunna rikoda, na ce kowacce ta ba mu labari ɗaya daga rayuwarta. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Can wadda ta fi mu shekaru ta ɗago ta ce, "'Yar nan, wane labari gare mu? An haife mu, mun haifa, ga mu nan." Haka muka watse ban samu komai ba sai gaishe-gaishe.

Mu goma sha shida ne, tsofaffi da 'yan mata. Abin da muka shirya shi ne kowacce ta kawo ƙyalle daga wata tufa da ke da tarihi a wajenta, mu harhaɗa su su zama bargo guda, mu kuma adana labarin kowane ƙyalle. Ni a zatona labari za a fara bayarwa, ɗinki ya biyo baya. Ashe na juya abin ne.

Mako na biyu na bar wayar a jaka, na raba allura da zare. Tsohuwar nan ta fito da gaban rigar mijinta marigayi, shuɗiya ce da ta koɗe har ta kusa zama fara. Inda aka farke aljihu kuwa shuɗin na nan da duhunsa, don rana ba ta taɓa kai wa wurin ba. Idonta ba ya ganin kafar allura, sai jikarta ta zura mata zaren. Tana shafa wurin aljihun da babban yatsa, ba tare da ta kalli kowa ba, ta fara faɗin yadda yakan tafi neman kuɗi wata da watanni, da yadda wasiƙunta suke dawowa gida a cikin aljihun nan, a ninke, sun yi laushi saboda yawan buɗewa. Ita ba ta iya rubutu ba, wani yaron maƙwabta ke rubuta mata, don haka akwai maganar da ba ta taɓa iya sa wa a takarda ba. Jikar ta saki allura ta buɗe baki. Shekara ashirin suna ɗaki ɗaya ba ta taɓa jin wannan ba.

Tun daga ranar na daina yin tambaya. Idan idanu suna kan allura, babu mai zuba wa mai magana ido, kuma in ta yi shiru ba ya yi wa kowa nauyi, tunda hannu yana aiki.

Wajen ɗinkin ma mun sha gwagwarmaya. Mun tsayar da kowane ƙyalle santimita 20 kowane gefe, da rarar santimita 1 ta haɗi. Sai da muka wanke su duka kafin yanka, don sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, tsoho kuma ya riga ya gama tsukewarsa. Wanda ya yi sirara sosai muka yi masa shafi, in ba haka ba zare kaɗai zai keta shi.

A wajen yankan ne na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. Wata dattijuwa ta ba ni zane, na ga ƙuna a gefensa, rami kamar faɗin kwabo da baƙi-baƙi a bakinsa. Na kauce masa na yanko wuri mai kyau, na jefa ragowar cikin tsummokara. Da ta karɓa ta juya shi sau biyu, ta ce, "Ina wutar?" Da wannan zanen ta rufe ɗanta ta fito da shi daren da gobara ta cinye musu ɗaki. Na ce, "Goggo, ki yafe mini." Muka zazzage buhun tsumma har muka gano guntun, ta ɗora shi a tsakiyar ƙyallenta da hannunta, ta bi bakin ramin da jan zare. Daga nan almakashi bai ƙara taɓa tufar kowa ba sai mai ita ta nuna da yatsa.

Wannan ya sa na koma kan labarin Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya ta Amurka a 1837. Bargonta na farko da aka sani, mai gida 11 na labaran Littafi Mai Tsarki, an nuna shi a wata kasuwar baje koli a 1886. Da talauci ya tilasta mata sayar da shi bayan wasu shekaru, sai da ta bayyana wa matar da ta saya ma'anar kowane gida, matar kuma ta rubuta. Yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. A bargonta na biyu, mai gida 15, ta ɗinka daren da taurari suka yi ta zubowa a 1833, shekara huɗu kafin a haife ta. A bakin manya ta ji, ta mayar da shi yadi. Ni ma da na tsaya gaban namu bargon na gane cewa baƙon da bai zauna da mu ba, faci kawai zai gani.

Dabarar da ta fisshe mu daga matan ƙasar Chile muka aro ta. Bayan juyin mulkin soja na 1973, sun riƙa ɗinka hotunan abin da ya same su a kan buhu, wani lokaci da guntayen kayan 'yan'uwansu da aka ɓatar, wasu kuma sukan yi ɗan aljihu a baya su sa takarda. Mu ma muka yi wa kowane gida aljihu a bayan bargon. 'Yan matan suka rubuta labaran, aka karanta wa kowace mai labari nata, ta ce a cire nan, a gyara can, kafin a ninke a saka. Wannan karantawar ba ta da makawa a ganina, domin abin da mutum ya faɗa cikin 'yan'uwa ba lallai ne ya so kowa ya karanta ba.

Mutum ɗaya ta ƙi a rubuta nata. Ƙyallenta ɗan farin yadi ne na rigar jariri, ta ba mu labarinsa sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce ya tsaya a ɗakin nan. Na so in lallashe ta, tsohuwar nan ta riƙe mini hannu. Sai matar ta ɗauki allura ta ɗinke bakin aljihunta babu komai a ciki.

Ranar da muka rataye bargon jama'a suka zo kallo, jikar tsohuwar ce ta tsaya gaban shuɗin ƙyallen tana ba da labarin wasiƙun, kakarta na zaune a gefe tana gyara mata inda ta kauce. Wani yaro ya zagaya baya yana zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, ya iso aljihun da ke ɗinke, ya tambaye ni me ke ciki. Na ce masa mai shi ce ta sani.