Yini guda na kashe wajen zaɓar yawon gobe

Laraba da dare. Baba ya yi barci, ƙafafuna suna zogi, amma in ban rubuta wannan yanzu ba gobe zai bi ruwa.

Bikin kammala karatun Auta ya wuce lafiya, jirginmu na Juma'a ne, wato gobe Alhamis kaɗai ta rage mana a San Faransisko. Tun kafin mu taso Baba yake maganar itatuwan nan na Kalifoniya da aka ce babu irinsu a tsawo. Ni kuma burina ɗaya, in ga gadar Golden Gate daga ƙarƙashinta, ina cikin jirgi a kan ruwa. Auta ya ce ai ba sai mun yi gardama ba, akwai masu haɗa dajin Muir Woods da garin Sausalito da zagayen jirgin ruwa duk a yini ɗaya. Yana faɗin haka ya fice wajen kwashe kayan ɗakinsa, ya bar ni da takardun talla uku da na ɗebo a ƙasan otal.

Na baje su a kan gado bayan karin kumallo. Wallahi kamar uwarsu ɗaya: jan itace, jar gada, farin jirgi, wurare uku iri ɗaya, kowa yana cewa nasa ya fi. Na ɗauka cikin minti goma zan gama.

Da farko ma na so mu tafi da kanmu. Dajin bai fi kilomita 20 daga birni ba, a gindin dutsen Tamalpais, da an haye gada. Amma tun watan Janairun 2018 ba a zuwa a ajiye mota haka kawai, sai an kama gurbi an biya tun kafin ranar. In kuma tasi muka kira ta waya, za ta kai mu lafiya, dawowar ce aiki, domin babu sabis a cikin kwarin ko kaɗan. Na hango ni da Baba a bakin ƙofa muna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Ga hanyar kuma duk kwana-kwana ce, har an hana motar da ta wuce ƙafa 35 a tsawo bin ta. Nan na ajiye wannan shawarar, na koma kan takarduna.

Wadda ta fi araha na fara ɗauka, ba sai an faɗa ba. A can ƙasa, da rubutun da sai an matso da shi kusa da ido, aka ce kuɗin shiga daji ba ya ciki. Dala 15 ne ga kowane babba, mu biyu dala 30 ke nan. Da na haɗa lissafi sai arahar ta narke, abin da ya rage tsakaninta da ta biyu bai taka kara ya karya ba. Dama an ce araha ba ta ado.

Amma abin da ya tsayar da ni sosai ba kuɗi ba ne, mintoci ne. Ta farko ta ce za a yi "kamar awa ɗaya" a daji. Ta biyu ta rubuta minti 90 ƙarara. Na buɗe taswirar dajin a waya. Babbar hanyar tana bin wani rafi mai suna Redwood Creek, shimfiɗaɗɗiya ce, wani sashe katako wani sashe kwalta, kuma akwai ƙananan gadoji huɗu a kanta. Zuwa gada ta biyu da dawowa rabin awa ne, ta uku awa guda, ta huɗu awa ɗaya da rabi. Wannan lissafin mai lafiyar ƙafa ne. Baba yana dogara sanda, kuma mutum ne da ba ya wuce allon rubutu bai karanta shi daga sama har ƙasa ba. Ga layin banɗaki, ga sauka da hawa mota. Awa ɗayar nan tasu, in an tace ta, minti arba'in ce.

Na ce, "Baba, gada ta biyu ta ishe mu?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Mamana, ina wurin da suka yi taron yake?"

Na san za a zo nan. Shekara talatin yana koyar da tarihi, kuma tun da muka sauka yake tuna min cewa a wannan birnin aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sa hannu a kundinta ranar 26 ga Yunin 1945. Ana cikin shirin taron shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu, a watan Afrilu. Ranar 19 ga Mayu wakilan ƙasashe suka fito daga birni suka taru a cikin dajin, a wani lungu da ake kira Cathedral Grove, don tunawa da shi, kuma akwai allon da aka kafa a wurin. Lungun yana gaba da gada ta uku kaɗan. Shi ke nan, takardar awa ɗaya ta koma gefe.

Saura biyu, kuma a nan na kusa faɗawa rami. Ta ukun ta fi kyan tsari a ido: a kai ku daji, a sauke ku a Sausalito, ku zauna iya son ranku, sannan ku hau jirgi ku dawo. Ta rubuta "yawo a kan ruwa" da manyan baƙaƙe. Wani abu dai bai kwanta min ba, na ce zuwa da kai ya fi aike. Bayan Azahar muka hau tarago mai lantarki muka gangara bakin ruwa, wajen Fisherman's Wharf, inda rumfunan sayar da tikiti suke a jere.

Sanyin da ya tarbe mu sai wanda ya ji. Watan Yuni fa. Iska tana kaɗowa daga teku kamar an buɗe firji, ga baƙi da gajeren wando suna rububin sayen rigunan sanyi masu sunan birnin a ƙirji, masu shaguna kuwa sai murmushi. Na naɗa wa Baba mayafina na biyu a wuya, bai yi musu ba, abin da ya nuna min sanyin ya kai sanyi.

A rumfar farko na tambayi matar da ke ciki ko jirgin nasu yana bi ta ƙarƙashin gada. Ta ɗan yi jim, ta ce ana ganin gadar sosai daga jirgin. Na sake tambaya. Sai ta ce a'a, jirgin fito ne, wanda ke jigilar mutane tsakanin Sausalito da birni, tafiyar kamar rabin awa, yana wucewa kusa da tsibirin Alcatraz, gadar kuma tana can gefe daga nesa. Ba ƙarya takardar ta yi ba, yawo ne kuma a kan ruwa ne. Ba dai shi nake nema ba. Jirgin zagaye daban yake: awa guda, ya tashi daga nan bakin ruwa, ya nufi gada, ya shige ƙarƙashinta, ya juyo, ya kewaye Alcatraz ya dawo.

Wani magidanci da ke bayanmu da 'ya'yansa ya ji ana ambaton Alcatraz ya ce shi ma dalilin zuwansa ke nan, yana so yaran su shiga tsohon kurkukun da ke tsibirin. Matar ta ce masa babu ɗaya cikin jiragen nan da ke sauke mutum a tsibirin. Wannan tikiti ne na daban, daga tashar jirgin ruwa ta Pier 33 ake tashi, kuma a irin wannan lokacin yakan ƙare tun kwanaki kafin ranar. Fuskarsa ta faɗi. Baba ya shiga ba shi haƙuri da labari, cewa kurkukun shekara 29 kawai ya yi yana aiki, daga 1934 zuwa 1963, da yadda mutum uku suka tsere a 1962 ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ban ga alamar haƙurin ya shige shi ba.

A rumfa ta biyu wani saurayi ne, shi kam bai ɓoye komai ba. Na tambaye shi me "ɗan jagora" yake nufi a wurinsu. Ya ce direban ne ɗan jagoran, yana tuƙi yana bayani, in an isa daji ya faɗa muku lokacin dawowa ya zauna a mota, ku shiga da kanku. A jirgi kuma bayanin naɗaɗɗe ne. Raina ya ɗan sosu, na zaci mutum zai bi mu yana nuna mana abubuwa. Baba kuwa daɗi ya ji. Ya ce a cikin daji irin wannan ba ya son mai surutu a kunnensa.

Sai maganar lokaci. Suna da tashin safe da na rana. Saurayin ya ce in dai gadar nake son gani, mu bi na safe, mu dawo wajen ƙarfe ɗaya, mu hau jirgi kafin La'asar. Hazon nan yakan kwana a kan birni, ya ja baya da hantsi, da yamma kuma ya sake kwararowa ta mashigin da gadar take. Ban ma gama jin bayanin ba na ga abin da idona. Muna tsaye wajen ƙarfe huɗu da rabi, kawunan ginshiƙan gadar suka fara ɓacewa, ginshiƙan da tsawonsu ya kai mita 227. Kafin mu gama shan shayi a kofin takarda babu gada babu alamarta, sai kukan ƙahon gargaɗi daga cikin farin.

Na yi tsaki na ce wannan hazon zai iya cinye min kuɗina. Baba ya ce in yi a hankali da zaginsa, shi ne ke shayar da itatuwan da za mu gani. Gaskiyarsa. A nan ruwan sama na hunturu ne, watannin nan kusan ba a samun ko ɗigo. Ganyen itatuwan ne ke tare hazo, ya taru ya ɗiga ƙasa, su sha. Shi ya sa ba sa yin nisa da gaɓar teku.

Mun leƙa Pier 39, wani dandali a nan bakin ruwan, don Baba ya huta a benci. Warin ya riga ganin isowa. Wasu dabbobin ruwa ne kwance a kan katakai suna haushi kamar karnuka, ana ce musu zakunan teku. Baba ya ce, "Ayu ne wannan?" Na ce ba shi ba ne, ko da yake ni ma da za a matsa min da tambaya da na sha kunya. Bayan girgizar ƙasar 1989 suka fara mamaye wurin. Yanzu ba su da yawa, a irin wannan watan galibinsu suna kudu wajen haihuwa.

Sausalito ce na yi wa rowa, na sani. A tsarin da na zaɓa awa ɗaya kawai za mu yi, a titin Bridgeway na bakin ruwa, iya cin abinci da hangen birni daga ƙetare. Gidajen nan da ke shawagi a kan ruwa, ɗaruruwa, suna can arewacin garin, kusa da inda aka ƙera jiragen ruwa 93 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da tarkacen da yaƙi ya bari aka fara harhaɗa su. Na so in gan su kusa. Ba za a kai ba, sai dai ta tagar mota. Ba a tauna taura biyu, balle uku, kuma in za a rage wa wani wuri lokaci, gara garin da dajin.

Da muka dawo otal na biya ta biyun: ƙaramar mota, tashi ƙarfe takwas, minti 90 a daji da kuɗin shiga a ciki, awa ɗaya a Sausalito, a sauke mu a bakin ruwa, tikitin jirgi kuma ba a ɗaure shi da wani lokaci ba, duk wanda muka samu mu hau. Wannan na ƙarshen ne ya fi kwantar min da hankali, za mu samu mu yi salla Baba ya miƙe ƙafa kafin mu shiga. Na kuma tabbatar jirgin yana da rufaffen ɗaki a ƙasa mai tagogi, in iskar sama ta fi ƙarfinsa.

Bayan Isha na yi kuskuren cewa ashe Roosevelt ɗin da aka yi wa taro shi ne ya kare dajin. Baba ya tashi zaune. Ya ce wancan Franklin ne, wannan Theodore, kada in sake haɗa su a gaban mutane. Wani attajiri William Kent da matarsa Elizabeth ne suka sayi kwarin a 1905 kan dala 45,000. Da wani kamfanin ruwa ya so ya datse rafin ya nutsar da wurin, sai Kent ya ba gwamnati eka 295 kyauta, Theodore Roosevelt ya ayyana shi wurin da doka ta kare ranar 9 ga Janairun 1908. Shugaban ya so a sa sunan Kent, shi kuma ya ƙi, ya ce a sa na John Muir, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare dazuzzuka. Baba ya maimaita "ya ƙi" sau biyu yana girgiza kai.

Ni ma na samu abin gyara masa. Na ce itatuwan da suka fi kowanne tsawo a duniya, masu haura mita 115, ba a Muir Woods suke ba, suna can arewacin jihar, tafiyar sa'o'i da yawa. Mafi tsawo a inda za mu mita 79 ne. Ya yi shiru, na ji kamar in mayar da maganar ciki. Sai na tuna abin da na karanta ɗazu, cewa daga ruwa zuwa ƙasan gadar Golden Gate mita 67 ne. Na ce masa gobe in muna wucewa ƙarƙashinta ya ɗaga kai, itacen da ya gani da safe ya zarce wannan da mita 12. Ya ce to, wannan ma ai itace ne.

Na ɗauki hoton tikitocin a waya saboda rashin sabis, na ware tukuicin direba a ambulan, na fito da safa biyu-biyu da maganin jiri don kwanannin hanya. Na sa agogo ƙarfe shida. Har na kashe fitila na ji muryarsa daga ɗaya gadon.

"Mamana, kin ce minti casa'in ko?"

"Casa'in, Baba."

"To ki riƙe agogon, ni ba zan duba ba."