Inda muka kwana da jinyar Dunƙule, muzuruna mai ciwon suga

Salam 'yan uwa masu jinyar mage, musamman ku da likita bai daɗe da ce muku taku tana da suga ba, har yanzu in kun ɗauki sirinji gabanku na faɗuwa. Nima 'yar koyo ce kamar ku, ba likita ba ce, abin da hannuna ya fara sabawa dashi ne nake rubutawa, da kuma abin da har yanzu yake ban wuya. A taƙaice dai Alhamdulillah allura ta zauna, gwajin suga ta jinin kunne ya fara zama, abinci ne da maganar wuta muke ta fama dasu.

Ga wanda bai san Dunƙule ba, muzuru ne babba da aka yi wa fiɗiya tun yana ƙarami, kuma sunan nan ba banza ya same shi ba, ƙato ne na gaske. Likita yace irinsu ne ciwon ya fi kamawa, namiji, mai ƙiba, wanda ya fara manyanta kuma baya yawan motsi. Alamun da muka gani sune shan ruwa ba ƙaƙƙautawa har a bokitin wanke-wanke, fitsari mai yawa da ƙasar tiren shi take jiƙewa sharkaf, ga ci kamar me amma yana ta ramewa, sai ƙafafun baya da suka fara sanyi yana taka ƙasa da duk tsawon dunduniya maimakon kan yatsu. An ɗauki jini da fitsari, suga ya haura 400, amma likitan bai yanke hukunci da wannan kaɗai ba domin mage in ta tsorata a asibiti suganta na tashi ko lafiyarta ƙalau, sai da aka ga suga a fitsari aka kuma haɗa da wani gwaji furuktosamin da ke nuna yadda sugan yake a makonni biyun da suka wuce ko makamancin haka. In ba a samu wannan gwajin kusa da ku ba, a Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU, ku tambayi likitanku ko zai tura ku.

Toh maganar allura. Mu insulin mai suna Lantus aka ɗora mu a kai, ta mutane ce, a kemis manya ake samu, aka fara da yunit 1 safe da yamma, awa 12 tsakani. Na zaɓi shida na safe da shida na yamma saboda bayan Asuba dama ina farke, da yamma kuma kafin Magariba kowa ya dawo gida. Abin da nake so ku riƙe da kyau anan shine sirinji. Insulin ɗin da aka fi ba mage kala biyu ne ta wajen ƙarfi, akwai U-100 kamar Lantus akwai U-40 kamar Caninsulin da ProZinc na dabbobi, kowanne da sirinjinshi. In ka zuba U-100 a sirinjin U-40 ka ja zuwa layin da ka saba, ka ba mage ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta mata, kuma a jikin da bai fi kilo biyar ba wannan ba ƙaramin abu bane. Yaron kemis ba lallai ya tambaye ka ba, shi dai ka ce sirinjin insulin ya miƙo, don haka kai zaka karanta jikin ledar kafin ka biya. Lantus kuma ba a girgiza ta, fara ce tas kamar ruwa, ranar da kuka ga ta yi gajimare ko wani abu na yawo a ciki ta tashi aiki.

Yadda nake yi yanzu, sai na zuba mishi abinci ya sa kai ya fara ci, in durƙusa ta bayanshi, in kama fatar gefen haƙarƙari da yatsu uku in ɗaga ta yi kamar 'yar rumfa, in shigar da allurar a gindin rumfar a kwance ba a tsaye ba, in danna, in zare, shikenan. Allurar siririya ce sosai, yawanci ko ɗagowa baya yi daga kwano. Bayan nan ina shafa wurin da bayan yatsa in ji ko gashin ya jiƙe, in sunsuna, don insulin yana da wani wari nashi kamar na filasta, in ka ji shi a gashi toh allurar ta huda ta fita ta ɗaya gefen. In haka ta faru kar a sake yi wallahi, ba ka san nawa ya shiga ba, a rubuta a jira ta gaba. Suga ya hau na rabin yini ba zai kashe shi ba, amma ninkin allura zai iya. Ina canja gefe kullum, yau dama gobe hagu, kar fatar wuri ɗaya ta yi tauri.

Gwajin kunne shine ya fi cin lokaci kafin hannu ya faɗa, shi yasa zan ɗan tsaya a kai. Mitar gwajin suga ta mutane muke amfani da ita, da sitirip ɗinta da 'yan tsinken hudawa. A gefen kunnen mage akwai wata siririyar jijiya da ta bi baki-baki, in kun haska tocilan waya ta bayan kunnen zaku ganta ja. Ba jijiyar ake nema a tsakiya ba, tsakaninta da bakin kunnen ake hudawa, can wajen sama. Sirrin duka ɗumi ne. Kunne mai sanyi baya bada jini ko ka huda sau nawa, musamman da sanyin asuba lokacin hunturu. Na ƙulla ɗanyar shinkafa a tsohuwar safa, ina ɗora ta kan murfin tukunyar shayi ta ɗan yi ɗumi, in gwada a wuyan hannuna, sannan in riƙe a kunnen na ɗan lokaci ina shafa kanshi ina mishi magana. Sai ɗan basilin kaɗan a wurin don jinin ya taru ya yi ɗigo kar ya bi gashi, in tokare bayan kunnen da auduga, in huda. In ɗigon ya yi ƙanƙanta ana matsowa daga gindin kunne zuwa sama a hankali. Sitirip ɗin ya riga ya shiga mita yana jira, a taɓa bakinshi da ɗigon ya zuƙe da kanshi, a matse wurin da auduga kar ya yi tabo. Duk lokacin da muka gama, ko jini ya fito ko bai fito ba, sai ya samu ɗan yankan dafaffen kaza, yanzu in yaji ƙarar zif ɗin jakar mita da kanshi yake zuwa ya hau kujera. Kuma kunnen yana koyon bada jini, yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba kan farkon.

Lambobin kuma, lafiyayyar mage tana wajen 80 zuwa 120 mg/dL. Wanda mitarshi ke nuna ƙananan lambobi irin 7 ko 15 toh mmol take bayarwa, ya ninka da 18 ya samu irin tamu. Mitar mutane ta kan nuna ƙasa kaɗan da ainihin na mage, akwai ta dabbobi AlphaTrak amma tsada da wahalar sitirip, likita yace in tsaya kan guda ɗaya kawai kar in riƙa canjawa. Mu ba 100 muke kora ba a yanzu, burin shine ya sauko ƙasa da 250 ko kusa a yawancin yini, domin daga wajen nan ne suga ke daina zuba a fitsari ƙishirwa ta lafa. Ya kuma bani lambar da in na gani kafin allura kar in yi sai na kira shi, kowa ya tambayi nashi likitan tashi lambar ya rubuta a bangon littafi.

Abin da ya fi tsorata ni ba hawan suga bane, faɗuwarshi ce. In ya sauka wajen 60 zuwa ƙasa, ko kuka ga mage tana tangaɗi, ta yi laƙwas, idonta ya buɗe tana kallon banza, jiki na karkarwa, ko ta fara farfaɗiya, a lakato zuma a shafa mata a dasashi nan take, in tana iya haɗiya a bata abinci, a kira likita a kama hanya. Kar a ɗura mata ruwa ko zuma a maƙogwaro in bata cikin hayyacinta, zata shaƙe. 'Yar kwalbar zuma tana cikin jakar mita a gidanmu, yara duka sun san ta Dunƙule ce ba ta shayi ba.

Littafin rubutu kuwa ni a ganina shine rabin maganin. Littafin makaranta ne mai layi na ja mishi gida-gida, kwanan wata, lokaci, lambar mita, yunit nawa, me ya ci, ruwan da ya sha, da sunan wanda yayi allurar. Wannan na ƙarshen yana da dalili, gida mai mutane da yawa kowa na tausayi, sai ƙanwata ta ɗauka ban yi ba ta yi, shi yasa dokar ita ce ba a taɓa sirinji sai an buɗe littafi. Kuma lamba ɗaya bata faɗin komai, yau ka ga 320 gobe 210 ka rasa dalili, sai an jera na sati an duba tare ake ganin inda aka dosa. Kar ku ƙara yunit da kanku don kun ga babbar lamba sau ɗaya, wani lokacin sugan ya faɗi ƙasa sosai ne a tsakiyar yini jiki ya mayar da martani ya cilla shi sama, in ka ƙara allura ka ƙara matsalar.

Maganar ajiya ce take cin raina a garin nan. Insulin yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, baya son ya daskare baya son rana, mu kuma ana iya ɗauke wuta a wuni a kwana, ga zafin Maris da Afrilu na Kaduna da ke wuce digiri 35. Dabarar da nake yi, ina daskarar da robobin ruwa in an kawo wuta, in an ɗauke in sa su a ƙaramar kula, in naɗe insulin ɗin a tsumma in sa a kofi kar ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye don in ya daskare ya lalace ko ya narke daga baya. In ƙanƙara ta ƙare kuma randa ce, a ƙulle a leda mai kyau a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindinta a inuwa. Bata kai firji ba amma ta fi saman durowa. In lambobi suka fara hawa ba gaira ba dalili bayan doguwar rashin wuta, insulin ɗin nake fara zargi.

Abinci dai kun san yadda muke da magunanmu, ragowar tuwo, shinkafa da miya, burodi a shayi, duk abin da aka ci a gida. Mage kuwa halittarta ta nama ce, sitaci shi ke ɗaga mata suga, har busasshen abincin nan na leda yawancinshi hatsi ne. Na gwangwani mai laushi ya fi amma kuɗinshi ba wasa, don haka muna haɗawa da dafaffen kaza, zuciya da ƙundu, kifi wani lokacin, ƙwai, hanta ɗan kaɗan, ba gishiri ba magi, kuma albasa da tafarnuwa guba ne gare su suna lalata jini, kenan ba ragowar tsire ba romon miya. Tsokar nama zalla bata isa ba tana buƙatar sinadarin ƙashi da wani sinadari mai suna taurine da ake samu sosai a zuciya, wannan sai likita ya tsara muku ma'auni. Abu ɗaya da za a kula, in mage na kan allura aka cire mata sitaci lokaci guda suga na iya faɗuwa da sauri, shi yasa muka bi a hankali muna gwadawa. Kuma ramar ƙiba ma a hankali ake yi, ba a hana mage abinci da yunwa, in ta kwana biyu bata ci ba hantarta ke shiga haɗari. Duk ranar da ya ƙi ci ko yayi amai bana allura sai na kira, in tsoma sitirip ɗin gwajin kiton, wani sinadari da ke taruwa in insulin bai ishi jiki ba, a fitsarinshi, in ya nuna toh asibiti ne ba jira.

Masu cewa allurar mutane a kan mage ai ɓarna ce, na daina jayayya dasu. Wata inna tamu da ita ma take allurar suga ita ce ma ta fi fahimta, ita ta nuna min yadda ake ƙyanƙyasa sirinji kumfar iska ta hau sama a fitar. Dabba ce a hannuna bata da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kuma duk mun san hadisin matar da ta ɗaure kyanwa. Insulin ɗin ma da aka gano a Toronto a 1921 a jikin karnuka aka fara gwada shi kafin ya zo kan ɗan adam.

Yanzu dai ruwan da yake sha ya ragu sosai, tire baya jiƙewa kamar da, gashin ya fara sheƙi, lambobin safe suna yawo tsakanin 200 da wani abu. Ƙafafun baya ne har yanzu da saura, likita yace jijiyoyi suna ɗaukar watanni kafin su farfaɗo in suga ya daidaita. Ya kuma ce maguna da yawa in an kama ciwon da wuri aka gyara abinci suna kai matsayin da za a daina allura gaba ɗaya, wanda hakan ma dalili ne na ci gaba da gwaji don buƙatar insulin na iya raguwa ba sanarwa. Ranar Asabar in Allah ya kaimu zan yi gwajin yini, daga allurar safe zuwa ta yamma duk bayan awa biyu, don a ga inda sugan ke kaiwa mafi ƙasa da kuma ƙarfe nawa, in kai littafin a duba ko za a taɓa yunit ɗin. Sitirip na nan na tanada, sirinji mai layin rabin yunit ne nake nema har yanzu, wanda ya san inda ake samu a cikin gari don Allah ya taimaka.